TSUNTSAYE DA LAFIYAR KOGI: TARIHIN ƘIDAYAR 'YAN SA KAI

1. Gabatarwa

Kowane manomi a ƙasar Hausa ya san shamuwa ba ta zuwa sai damina ta gabato, kowane masunci kuma ya san in ya ga zalɓe ya kafe a bakin ruwa, lalle akwai kifi a wurin. Wannan sani daɗaɗɗe ne, ba a makaranta aka koye shi ba. Abin da ya ke sabo shi ne a ƙirga tsuntsayen, a rubuta adadinsu da wurin da ranar, baɗi kuma a komo wuri ɗaya a sake ƙirgawa, har shekaru su taru a gwada wannan da waccan. Nufin wannan takarda shi ne ta bi tarihin wannan aiki tun daga inda ya tsiro, a Amurka da Ingila, har zuwa fadamun Haɗeja da Nguru, ta kuma nuna abin da ƙidayar ke iya faɗa game da kogi, da abin da ba ta iyawa.

Akwai kalmomi biyu da ya kamata mu daidaita a kansu tun da fari. In mun ce kwarin kogi, muna nufin dukan ƙasar da ruwan saman da ya sauka a kanta ke gangarawa ya taru a kogi guda, tun daga tuddan da ya fito har inda ya faɗa. In kuwa mun ce 'yan sa kai, muna nufin mutanen da binciken tsuntsaye ba shi ne sana'arsu ba, kamar malaman makaranta da akawuna da manoma da 'yan makaranta, waɗanda ke fita su ƙirga ba domin lada ba, su aika wa masana abin da suka gani.

2. Abin da ya sa aka kama tsuntsu shaida

Kogi ba ya ɓoye abin da aka yi wa ƙasar da ke kewaye da shi. In an sare daji a kan tudu, laka ta sauko; in an yi wa gona feshi, maganin ya biyo ruwa; in an tare shi da madatsa, ambaliya ta sake lokaci. Ƙananan ƙwarin ruwa ne ke fara jin wannan, sa'an nan kifi da kwaɗi, daga ƙarshe tsuntsun da ke cin su. Auna ruwa da kansa yana bukatar kayan aiki da kuɗi da gwani, kuma abin da kwalba ta ɗebo labarin sa'a guda ne kurum. Tsuntsu kuwa a fili ya ke, yana kuka, yana tashi, kowa na iya ganinsa, kuma zamansa ko ƙaurarsa labarin watanni ne.

An ga ƙarfin wannan shaida a wani tafki na Kalifoniya da a ke kira Clear Lake. A 1949 da 1954 da 1957 an zuba masa maganin ƙwari mai suna DDD, ɗan'uwan DDT, domin a kashe wasu 'yan ƙudaje da ke damun mutane. Abin da aka zuba bai wuce kashi 1 cikin miliyan 50 na ruwan ba. Amma sai aka riƙa tsintar gawar wasu tsuntsaye masu nitso su kama kifi, da aka auna kitsensu aka sami har kashi 1,600 cikin miliyan. Watau gubar ta yi ta taruwa daga ƙwaro zuwa kifi, daga kifi zuwa tsuntsu, har ta ninka sau 80,000. Rachel Carson ta ba da wannan labari a littafinta na 1962, wanda ya jawo hankalin duniya, har Amurka ta hana feshin DDT a gonaki a 1972.

3. Mafarin ƙidaya

A ƙarshen ƙarni na 19 akwai wata al'ada a Amurka, ranar Kirsimeti maza su rabu ƙungiya biyu su shiga daji da bindigogi, waɗanda suka fi tara gawar tsuntsu da dabba su ne suka ci. Wani masanin tsuntsaye na gidan tarihin halitta da ke Niyok, Frank Chapman, ya ba da shawara a mujallarsa cewa a fita ɗin, amma a ƙirga maimakon a harba. Ran 25 ga Disamba 1900 mutum 27 suka amsa, a wurare 25, suka ga tsuntsaye wajen iri 90. Ba a fasa wannan ƙidaya ba har yau, ƙungiyar Audubon ke riƙe da ita, masu fita kuma sun kai dubbai masu yawa. Daga baya aka kafa mata ƙa'ida: kowace ƙungiya tana da da'irarta mai faɗin mil 15, ita za ta kewaya kowace shekara cikin kwana guda, ta rubuta yawan mutanenta da sa'o'in da suka yi.

A Ingila da tsuntsun ruwa aka fara, kuma wanda mu ma mun san shi, watau zalɓe. A 1928 wani saurayi, Max Nicholson, ya roƙi jama'a su ƙirga sheƙunan zalɓe a itatuwan da ya ke taruwa, aikin da ya zama ɗaya daga cikin tushen ƙungiyar nan ta binciken tsuntsaye ta Birtaniya da aka kafa a 1933. Wannan ƙidaya ma tana nan. Ita ce ta nuna zalɓe ya ragu ƙwarai bayan matsanancin sanyin 1962 zuwa 1963, sa'ad da koguna suka daskare ya rasa inda zai sa baki. A nan akwai darasi na farko: raguwar tsuntsu ba kullum ke nuna ruwa ya ɓaci ba. Wanda ya ga adadin shekara ɗaya tak, sai ya ɗora wa guba laifin sanyi. Tsawon shekaru ne ke raba gardama.

Misalin da ya fi kowane kusa da batunmu ya fito daga tuddan ƙasar Wales. Akwai wani ɗan tsuntsu mai farin ƙirji da Turawan Ingila ke kira difa, watau mai nitso, wanda ba ya rabuwa da rafuka masu gudu, yana tafiya a ƙarƙashin ruwa yana tsintar tsutsotsi a jikin duwatsu. Masu sha'awar tsuntsaye sun daɗe suna rubuta yawansa a wasu rafuka. A shekarun 1980 Steve Ormerod da Stephanie Tyler suka gwada tsofaffin adadin da sababbi, suka ga ya yi ƙaranci a rafukan da ruwansu ya yi tsami. Ruwa kuwa ba ya tsami banza. Hayaƙin gawayin masana'antu ne ke sauko da ruwan sama, ga kuma wasu itatuwan katako da aka dasa a kan tuddan suna ƙara tara tsamin. Tsutsotsin da tsuntsun ke ciyar da 'ya'yansa suka ɓace, ɓawon ƙwansa ya yi rauni. Ta haka ɗan tsuntsu guda ya ba da labarin hayaƙi da daji da ƙasa da rafi gaba ɗaya. Amma da ba a sami waɗanda suka ƙirga shi tun ruwan na lafiya ba, da ba abin da za a gwada.

4. Farin da aka hango daga nesa

Mai karatu zai iya cewa, ina ruwanmu da rafukan Turai? Amsar tana cikin abin da ya faru a 1969. Tun 1962 'yan sa kai a Ingila ke ƙirga ƙananan tsuntsayen gona da na kurmi a filaye ƙayyadaddu. Cikinsu akwai wani ɗan mitsitsi mai farin maƙogwaro, wanda ke ƙyanƙyasa a Turai, in sanyi ya shigo ya ƙetaro Sahara ya zauna a ƙasashenmu. A bazarar 1969 masu ƙidaya suka tarar wajen kashi uku cikin huɗu ba su komo ba. Aka binciki sanyi, aka binciki maganin feshi, ba a ga dalili a Ingila ba. Sai a 1974 wasu masana uku, Winstanley da Spencer da Williamson, suka nuna cewa damina ce ta kasa a yankin Sahel a 1968. Tsuntsayen sun rasa abincin da za su tara ƙiba su ƙetare hamada, suka hallaka.

Wannan ita ce goshin farin nan da ya tsananta a 1972 da 1973, wanda dattawa ba su manta ba. Ashe malamin makaranta da ke zagaya shingen gona a Ingila da fensir a hannu ya rubuta labarin daminarmu bai sani ba. Bayan haka an sami irin wannan dangantaka ga tsuntsayen ruwa: a Holan an ga yawan wani jan zalɓe da ke komawa can yana bin girman ambaliyar manyan kogunan Afirka ta Yamma na shekarar da ta gabata.

Tun da tsuntsun ruwa bai san iyakar ƙasa ba, sai aka ga dole a ƙirga shi ko'ina a lokaci guda, kada a ƙirga garke ɗaya sau biyu. A Janairun 1967 aka fara ƙidayar tsuntsayen ruwa ta ƙasa da ƙasa, aka faɗaɗa ta zuwa Afirka a 1991. Yarjejeniyar kare fadamu da aka ƙulla a garin Ramsar na Iran a 1971 ta mai da ƙidayar hujja a gaban hukuma, domin daga cikin sharuɗɗan da aka tsayar mata akwai cewa fadamar da ke ɗaukar tsuntsayen ruwa 20,000, ko kashi 1 cikin 100 na wani iri, ta isa duniya ta kula da ita.

5. Fadamun Haɗeja da Nguru

Kogin Kano da na Calawa su ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja. Kogin Jama'are kuma daga tuddan Jos ya ke sauka. Da suka iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da ke gabas da Haɗeja, sai su tarar da jerin tsofaffin tuddan rairayi, su rarrabu hannu-hannu a tsakaninsu, su malale. Kusa da Gashuwa su ke sake tattaruwa su zama kogin Yobe, wanda ke faɗawa Tafkin Cadi. Ambaliyar kan taso wajen Agusta da Satumba, sa'an nan ta riƙa ja da baya sannu-sannu cikin rani.

Wannan zuwa da komawa shi ne ran wurin. Da zuwan ruwa manomi ke noman shinkafa, kifi kuma ya fantsama cikin ciyawa ya hayayyafa. Da janyewarsa a bi danshi a shuka wake da kayan lambu, masunci ya tare kifi a mashigi, Bafillace ya sauko da shanu. Abin da ya nitse cikin rairayi kuma shi ke cika rijiyoyin garuruwa masu nisa. Mutum fiye da miliyan ɗaya ke ci daga wannan fadama, Badawa da Barebari da Hausawa da Fulani. Tsuntsaye ma haka su ke bin ta. Kirinjijiya da dinya 'yan gida ne. Daga Oktoba kuma sai baƙi su sauko daga Turai da Rasha, agwagin ruwa ƙanana da masu dogon wutsiya, da garken masu dogayen ƙafafu da ke kiwo a taɓo da gonakin shinkafa. An rubuta tsuntsaye fiye da iri 350 a yankin.

A 1974 aka gama madatsar Tiga a kan kogin Kano, domin noman rani na Kadawa da ruwan shan birni. A 1992 aka gama ta Calawa. Tsakanin nan ga fari na 1970 da ɗoriya, ga na 1984. Ambaliyar da kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 a shekarun 1960 ta koma ƙasa da 1,000 a shekarun 1980. Damuwa da halin tsuntsayen ƙaura ce ta fara jawo idon waje, har aka kafa shirin kiyaye fadamun Haɗeja da Nguru a 1987, da hannun ƙungiyar kiyaye halittu ta Nijeriya da takwarorinta na duniya. Yarima Philip na Ingila ya ziyarci mafakar tsuntsaye ta Dagona a 1989.

Abin lura shi ne, waɗanda suka zo domin agwagi ba su daɗe ba suka tarar maganar ta mutane ce. Suka shiga auna faɗin ambaliya kowace shekara, suna ƙirga tsuntsaye a Janairu, suna kuma lissafin abin da manomi da masunci da mai itace ke samu. Ƙidayar tsakiyar shekarun 1990 ta riƙa ba da tsuntsayen ruwa tsakanin 200,000 da 300,000 da 'yan kai, adadin yana hawa da sauka tare da ruwa. Lissafin da Barbier da Adams da Kimmage suka yi a farkon shekarun nan ya nuna ruwan da aka bari ya malala fadama ya fi ba da amfani, ninkin ba ninkin, bisa wanda aka karkatar zuwa babbar gonar noman rani. Irin waɗannan hujjoji ne masu adawa da madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are suka riƙe, madatsar da aka daɗe da tsarawa ba a kammala ba. A 2000 aka sa tafkin Nguru da hannun Marma cikin jerin Ramsar, su ne na farko a Nijeriya.

Sai dai tarihin bai tsaya nan ba, kuma kashinsa na biyu ya fi koyarwa. Madatsa tana rage ambaliyar damina, tana kuma sako ruwa da rani. Hannuwan kogin da a da kan bushe ƙaf wata da watanni suka zama ba sa rabuwa da ruwa. Wannan shi ne abin da kacalla ke so. Ta yaɗu tun daga shekarun 1990, ta tare laka, ta toshe tsohuwar hanyar kogin, ruwa ya karkata hannun Marma ya ci gonaki da ƙauyuka, alhali mutanen da ke ƙasa suna jiran ruwan da bai iso ba. Cikin kacalla kuma jan baki ya sami mafakar da ba a iya kai masa, yana fitowa yana cinye gero da dawa da shinkafa.

To, a nan ne ƙidaya ke iya ruɗin mai gaggawa. Wanda ya tsaya a bakin tafkin Nguru ya ga ruwa fal, sama ta yi baƙi da tsuntsu, sai ya ce fadama lafiya lau. Alhali kuwa jimla ba ta faɗin kome sai an tambaya: wane iri ne ya ƙaru, wane ne ya ragu? Jan baki miliyan alamar ruwa ne da ya daina tafiya. Masu kiwo a taɓo alamar ruwa ne mai zuwa ya koma, wanda shi ne manomi da makiyayi ke bukata. Gauraka kuma, wanda a da a ke ganin garkensa a fadamun Arewa, yau da ƙyar a ke ganinsa a Nijeriya, kuma ba mu da jerin adadi mai tsawo irin na zalɓen Ingila da za a tsaya a kai a ce ga shekarar da ya fara tafiya.

6. Idanu da sunaye

Wannan rashi yana da tarihi. Ƙungiyar masu binciken tsuntsaye ta Nijeriya da aka kafa a 1964 yawancinta Turawa ne ma'aikata, irin su John Elgood a Ibadan da Robert Sharland a Kano da Hilary Fry a Zariya, kuma da Turanci su ke rubutu. Ƙidayar fadamun Haɗeja ma ta dogara ga ma'aikatan shiri da baƙi, shiri kuwa yana da ranar ƙarewa. An sami canji bayan kafa cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis kusa da Jos a farkon shekarun 2000, da fara taswirar tsuntsayen Nijeriya a 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida wajen kilomita 9 kowace kusurwa, samari da 'yan mata kuma suna shiga suna rubuta abin da suka gani a wayar hannu, har akwai ƙungiya ta 'yan Arewa. Wannan ci gaba ne babba. Amma har yanzu mutumin da ya fi kowa daɗewa a kan ruwa, watau masunci, yana wajen littafin, domin ƙofar shiga sunan Turanci ce ko na Latin.

A nan aikin ya zo hannun masu nazarin harshe. Ƙidaya ba ta yiwuwa sai da suna, suna kuma sai ya zama ɗaya a bakin mai gani da mai rubutawa. Hausa tana da wadata wajen manyan tsuntsayen gida: shamuwa, balbela, zalɓe, jinjimi, kwasakwasa, dinya, kirinjijiya, zakaran ƙeƙuwa, ladin kogi. Bargery ya tara da yawa a ƙamusunsa na 1934. Matsala iri biyu ce. Wani lokaci tsuntsu ɗaya ne da suna biyu, kamar babba da jaka da borin tunke, wanda bai sani ba sai ya rubuta iri biyu. Wani lokaci kuma suna ɗaya ne ya rufe iri da yawa, kamar agwagwar ruwa, wadda ke haɗa 'yar gida da baƙuwar Rasha, alhali bambancinsu shi ne abin da a ke nema. Ban da haka, fadamar ba ta Hausa kaɗai ba ce. Badanci da Barbarci da Fillanci kowanne yana da nasa sunayen, kuma ba mamaki harshen masunta ya rarrabe abin da Hausar birni ta haɗe. Marigayi Russell Schuh da abokan aikinsa na Yobe sun tattara ƙamusun Badanci da Ngizimanci, wannan kuwa tushe ne da za a ɗora a kai.

Saboda haka muna ganin abu uku sun cancanci a yi. Na farko, a tattara sunayen gari-gari daga bakin masunta da mafarauta da makiyaya, a gaban tsuntsun kansa ko hotonsa, a tabbatar da irin da kowane suna ke nufi. Na biyu, a ɗauki maganar dattawa a kan abin da suka saba gani kafin Tiga, tun suna raye, domin su kaɗai ne littafin waɗannan shekaru. Na uku, kowace kwalejin horon malamai da ke kusa da ruwa ta zaɓi wuri guda, ta riƙa fita da ɗalibai rana ɗaya a tsakiyar Janairu, da sassafe, ta hanya ɗaya, a rubuta iri da adadi da inda ruwa ya tsaya, a ajiye littafin a makaranta ko malamin ya tashi. Shekarar da ba a ga kome ba ita ma a rubuta, gama rashin gani shaida ne.

Mutum 27 da suka fita a 1900 ba su san za a zo ana neman adadinsu bayan shekara ɗari ba, haka masu ƙirga sheƙar zalɓe a 1928. Darajar aikinsu ta zo ne daga waɗanda suka biyo baya ba su sake ƙa'ida ba. Gardamar rabon ruwa tsakanin Kano da Haɗeja da Nguru da Gashuwa ba ta ƙare ba, kuma duk ranar da aka zauna a kanta, mutanen fadama za su bukaci hujja rubutacciya. In aka fara littafin bana, malamin da zai buɗe shi nan da shekara 30 zai sami abin da mu muka nema ba mu samu ba.